Alif da Gam: Aikin da ake yi wa siliki kafin zane

A shekarar 1972 masu haƙar kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha na ƙasar Sin, suka tarar da tutar siliki mai zane shimfiɗe a kan akwatin gawar wata mai sarauta da aka binne wajen shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa. Launukan na nan, ana gane dodanni da rana da wata. Masu kallo sukan yaba wa hannun mai zanen, kuma ya cancanta. Amma a zanen siliki, rabon kyau da na tsawon rai tun kafin buroshi ya taɓa launi ake yanke shi, lokacin da ake ɗaure ƙyallen ana shafe shi, kuma gwanintar wannan aiki ita ce sanin inda za a tsaya.

Ɗanyen siliki ba ya riƙe tawada. Zarensa furotin ne, yana shan ruwa, ga ƙananan ƙofofi tsakanin zaren tsaye da na kwance, don haka ɗigon launi yakan bi zaren ya bazu, layin da aka so siriri ya zama tabo. Sai a fara da ɗauri. Akan shafa kunun sitacin alkama a gefen firam na katako, a manna bakin ƙyallen, ana lura kada saƙar ta karkace, domin idan ta karkace fuskar da aka zana ma za ta karkace ranar da aka cire shi. Ba a ja shi har ƙarshe, saboda idan ya jiƙe ya bushe zai ƙara tsukewa da kansa, kamar fatar ganga da aka shanya. Wanda ya matse shi tun farko zai ga firam ya lanƙwashe ko baki ya ɓalle. Daga nan sai ruwan shafi: gam da aka dafa daga fatar dabba, a narkar da shi a ruwan ɗumi, a zuba ɗan alif, wannan dai alif ɗin da ake tace ruwan rijiya da shi a gidajenmu. Mutanen Japan suna kiran haɗin dosa. Gam yana toshe ƙofofin, alif kuma yana taurara gam ɗin yadda ruwan launi ba zai sake narkar da shi ba. Ana shafawa da faffaɗan buroshi mai laushi, hannu na tafiya gefe ɗaya, a bari ya bushe, a maimaita, sau da yawa har da bayan ƙyallen.

Wani zai ce wannan wahala ce ta banza, tunda masu zanen Turai sun daɗe da maganin matsalar: a shafe ƙyalle da farin fenti mai kauri, a samu fili mai santsi, a yi zane. Ga zanen mai a kan ƙyallen lilin, hakan daidai ne, don a can ƙyallen madogara ce kawai, ba a so a gan shi. Siliki kuwa don a gan shi aka zaɓe shi. Haske yana ratsa shi, kuma masu zanen Sin da Japan sun ci moriyar haka ta hanyar shafa launi a bayan ƙyallen, musamman fari, yadda fuskar mutum ko furen da ke gaba zai yi haske daga ciki ba tare da an lafta masa launi ba. Shafi mai kauri zai kashe wannan dabara. Akwai kuma dalili na biyu: waɗannan zane-zane naɗe su ake yi. Zanen tsaunuka da koguna da mai zanen Sin Wang Ximeng ya kammala a 1113, yana ɗan shekara 18, tsawonsa ya kusa mita 12, kuma a naɗe ya yi yawancin rayuwarsa. Abin da ke da kauri, idan aka naɗe aka warware, tsagewa yake yi ya zube. Ko da siririn shafi, shuɗi da koren dutsen da ke kan wannan zane suna ɗan marmashewa idan aka buɗe shi, shi ya sa gidan tarihin fadar Beijing, inda yake ajiye, ba ya yawan fito da shi.

Ƙorafi mafi ƙarfi daga ɗaya ɓangaren yake zuwa, daga masu gyaran tsofaffin zane. Alif yana da tsami a ruwa, kuma tsami yana cin zaren siliki a hankali: ƙyallen ya yi duhu, ya bushe, ya riƙa karyewa a inda aka naɗe. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta da daɗi, domin masu zane dalla-dalla sukan ƙara ruwan alif tsakanin shimfiɗar launi da ta gaba don kada na ƙasa ya motsa, wato zanen da aka fi wahala a kansa yakan fi shan abin da zai tsufar da shi. Sai dai watsar da alif gaba ɗaya bai warware komai ba. Gam shi kaɗai yana komawa ruwa da zarar buroshi mai laima ya bi ta kansa, launuka su cakuɗe, kuma mai naɗa zanen, wanda dole ya jiƙa shi kafin ya manna masa takarda a baya, zai iya wanke aikin. Shi ya sa tsofaffin littattafan koyar da zane suke bambanta awon gam da alif tsakanin zafi da sanyi, kuma masu gyara na yau suke rage alif zuwa mafi ƙanƙantar abin da zai yi aiki. Idan shafin ya bushe aka ga yana ƙyalli kamar an watsa gishiri, alif ya yi yawa.

Ba kuma alif kaɗai za a ɗora wa laifi ba. A cikin zaruruwan da ake saƙa, siliki na daga waɗanda haske ya fi lalatawa. Naɗaɗɗen zanen silikin da ake dangantawa da mai zanen Sin Gu Kaizhi, wanda ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, makonni shida kacal a shekara ake nuna shi, a ɗaki mai ƙarancin haske, sauran watannin kuwa yana ajiye a duhu.