Ɓuntun Shinkafa Yana Kama Gubar Dalma

Duk wanda ya ratsa Yelwa ko Birnin Yauri bayan kaka zai ga ɓuntun shinkafa tuli-tuli a bayan injin casa. Wasu su cinna masa wuta, wasu su bar wa iska. Ashe abin nan da ake zubarwa yana da wani amfani wanda manoma kaɗan ne suka sani.

Ƙasar Yauri ƙasar noma ce da kamun kifi, amma kuma akwai zinariya, tun zamanin Turawa ake haƙarta wajen Birnin Yauri. To, dutsen zinariya wani lokaci yakan zo da dalma a jikinsa, masu wanki kuwa sukan sa zaiba don ta kama zinariyar. In an niƙa dutsen an wanke, ruwan wankin yana iya gangarawa fadama, ko ya tsatsa cikin rijiya, ko ya bi rafi har tafkin Kainji. Ba a manta da Zamfara ba, inda a 2010 dalmar dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, galibi ta ƙurar niƙa a cikin gidaje.

Mugun halin dalma shi ne in ta narke a ruwa ido ba ya ganinta, hanci ba ya jinta. Tafasawa ba ta korarta, sai ma ruwan ya ƙone ya bar ta.

Masu ilmin kimiyya sun gwada ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da totuwar masara, sun ga duk suna kama dalma. Ga yadda suke yi. A wanke ɓuntun, a shanya, a niƙa, ko kuwa a turara shi a rufe ba iska sosai har ya zama gawayi. Jikinsa cike yake da 'yan ramuka, in ruwa ya jima a ciki sai dalmar ta manne, ruwan ya wuce. Gari mai laushi ya fi tsaki kamawa.

Amma fa sai da hattara. Ɓuntu yakan ƙoshi, watau ya daina kamawa, sa'an nan shi kansa ya zama guba. Kada a ba dabbobi, kada a kai gona a matsayin taki, kada a ƙone shi kusa da gida. A binne shi nesa da rijiya da fadama. Kuma tacewa ba ta zama shaidar ruwa ya gyaru ba, sai ma'aikatan lafiya sun auna shi.

Saboda haka wurin da ɓuntu ya fi amfani shi ne bakin ramin wanki, ya tare gubar tun ba ta isa gonar albasa da shinkafa ba. Masu gari su sa a raba wurin niƙa da gidaje da mashaya. Rigakafi ya fi magani.