Dangantakar Girman Jiki da Teɓa da Hawan Jini a Tsakanin Matasa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce wane "ya yi jiki" idan yana nufin yabo, domin a al'ada ƙiba alama ce ta hutu da wadata. Haka kuma an daɗe ana ɗaukar hawan jini a matsayin ciwon manya. Wannan maƙala za ta nuna cewa ciwon kan soma tun ana matashi, kuma teɓa na daga cikin manyan dalilansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1990 kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima, amma a 2022 adadin ya kai kashi 20.

2.0 Tsawo da Nauyi

Girman jiki ya kasu kashi biyu: tsawo da nauyi. Matsin jini yana ƙaruwa yayin da yaro ke girma, kuma dogon yaro yakan ɗara tsaransa gajere ba tare da wata cuta ba. Saboda haka ne ake auna na ƙananan yara bisa shekaru da jinsi da tsawo.

Teɓa kuwa ana gane ta ne da ma'aunin da Adolphe Quetelet, ɗan ƙasar Beljiyam, ya ƙirƙiro a ƙarni na 19. Ana raba nauyi, a kilo, da tsawo, a mita, wanda aka ninka da kansa. Alal misali, saurayi ɗan shekara 15 mai kilo 80 da tsawon mita 1.6 zai sami 31, wanda ya zarce iyakar teɓa ga tsaransa. Mafi illa shi ne kitsen tumbi, wanda ke kewaye kayan ciki.

3.0 Yadda Teɓa ke Ɗaga Matsin Jini

Na farko, jiki mai kitse yana buƙatar jini mai yawa, don haka zuciya kan ƙara aiki. Na biyu, teɓa tana zaburar da jijiyoyin da ke sa zuciya sauri da tsuke hanyoyin jini. Na uku, ƙoda takan riƙe gishiri da ruwa fiye da kima. Na huɗu, masu teɓa sukan yi minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda shi ma yana ɗaga matsin jini.

Binciken Bogalusa, wanda Gerald Berenson ya fara a jihar Luwiziyana ta Amurka a farkon shekarun 1970, ya bi yara har suka manyanta. Ya nuna cewa ƙiba da hawan jinin ƙuruciya sukan bi mutum har girmansa.

4.0 Awo

Bisa ƙa'idar Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta 2017, daga shekara 13 zuwa sama, awon da bai kai 120/80 ba shi ne daidai, kuma 130/80 ya shiga hawan jini. Sai dai ba a yanke hukunci sai an maimaita awo a ziyara uku. Girman jiki yana shafar awon kansa: idan madaurin na'urar ya yi wa damtsen mai ƙiba kaɗan, adadin zai fito sama da gaskiyarsa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ƙaruwar matsin jini saboda tsawo halitta ce, amma ta teɓa cuta ce da kan kai ga ciwon zuciya da na ƙoda da shanyewar ɓarin jiki. Da yake galibi ba ta nuna alama, wajibi ne a riƙa auna matasa masu ƙiba. Rage nauyi da gishiri da lemon kwalba, tare da motsa jiki na awa ɗaya a kullum, yakan sauko da matsin jinin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.