Jirgin rimot mai fukafukai: abin da ya kamata mai sha'awa a Dogarawa ya sani kafin ya zuba kuɗinsa

A shekarar 2016 hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira ta buƙaci taswirar sansanonin Sayam Forage da Kabelawa a jihar Diffa. Wanda ya yi mata aikin ɗan Nijar ne, Aziz Kountché, mai kamfanin Drone Africa Service a Yamai, wanda ya koyi ƙera jirage marasa matuƙi da kansa. Jirgin da ya ɗauki hotunan, mai suna T-800 M, mai fukafukai ne da jela kamar jirgin fasinja, sai dai mutum ɗaya yana iya ɗaga shi. Irin wannan jirgi ne matasa ke gani a bidiyon waya yana shawagi bisa gonaki, har wani ya fara lissafin yadda zai sayi nasa ya tayar a fakon Dogarawa ko na Galmi.

Bambancinsa da mai farfela huɗu, wanda ake ɗaukar hoton biki da shi, yana wajen cin wuta. Mai farfela huɗu da ƙarfin inji kaɗai yake rataye a sama, shi ya sa yawanci cikin minti 20 zuwa 30 batir ya ƙare. Mai fukafukai kuwa iskar da ke bi ta fiffike ce ke ɗauke da shi, aikin inji turawa gaba kawai, don haka yana iya kai minti 40 ko awa guda. Amma ba ya tsayawa cak a sama, yana son fili mai faɗi, kuma sai an koyi tuƙinsa.

Takarda kafin jirgi

Yawancin masu saye sai kaya sun iso suke tuna hukuma, alhali daga nan ya kamata a fara. A Nijar hukumar ANAC ce ke kula da sufurin jiragen sama na farar hula, jirage marasa matuƙi ma suna ƙarƙashinta. Jirgin Aziz Kountché kansa da izinin gwamnati ya tashi a Diffa. Ga halin tsaron da ake ciki, duk abin da ya gifta a sama yana ɗauke da kyamara ba wanda zai ɗauke shi wasa, balle a yankin da ke dab da iyaka. Daga Birnin Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya tafiyar ƴan kilomita ce, kuma can ma tun watan Mayun 2016 hukumar NCAA ta hana tayar da irin waɗannan jirage sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Jirgin da iska ta kwasa bai san iyaka ba, amma mai shi zai amsa tambaya.

Cikin gundumar Malbaza akwai wuraren da ko da takarda ba a kusantarsu: kamfanin siminti, tashar lantarkin hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da duk inda jami'an tsaro suke. Ƙaramin filin saukar jirgi na asibitin Galmi zai ja hankalin mai neman wuri shimfiɗaɗɗe, to amma na jiragen da ke ɗauke da mutane ne. A Turai da Amurka ƙa'idar masu wannan wasa ita ce kada jirgi ya wuce tsayin mita 120, kada kuma ya ɓace wa idon mai tuƙi. Ƙa'ida ce mai ma'ana a ko'ina. Bayan takardar Yamai, sanar da jandarma da magajin gari da maigarin da filin ke hannunsa yana rage fitina fiye da yadda ake zato.

Gangar jiki da inji

Idan aka ce babban jirgi a wannan harka, ana nufin wanda faɗin fukafukansa ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, nauyinsa da batir kilo biyu ko uku. Girman yana da amfani: iska ba ta wasa da shi kamar ƙarami, ana hango shi daga nesa, kuma yana ɗaukar kaya. Yana da haɗari kuma, don kilo biyu mai gudun kilomita 60 a awa in ya faɗa kan yaro ko dabba ba ƙaramin rauni zai yi ba. Wanda zai riƙa kai shi fili a kan babur ya tabbata fukafukan suna cirewa.

Ƙasar wurin ce ke zaɓen jirgi. Fakon da ke saman tuddan kwarin Maggiya tsakuwa ne da jan dutse, ƙananan tayoyi ba sa gudu a kai. Jirgin da ya dace shi ne wanda ake jefawa da hannu, ya sauka kan cikinsa, fiffikensa a saman gangar jiki, injinsa kuma a bayan fiffike yana turawa. Da wannan siffa farfela ba ta dukan ƙasa, inji ba ya shan rairayi a kowace sauka. Skywalker da Volantex Ranger na cikin sanannun jiragen da aka ƙera haka. Na soso mai tauri, wanda ake kira EPO, ya fi na katakon balsa dacewa da mai koyo, don in ya karye gam yana haɗa shi. Sai dai soson ba ya son rana: in aka bar shi a fili da tsakar bazara fatarsa na kumbura, musamman inda aka shafa baƙin fenti.

Lissafin inji ba shi da wuya. Ana neman kimanin wat 200 ga kowane kilo, wato jirgi mai kilo biyu yana son inji maras burushi mai wat 400. Batir mai ɗaki huɗu yana ba da bolt 14.8, idan aka raba 400 da wannan za a samu amfa 27. Na'urar da ke daidaita gudun inji, wadda ƴan harkar ke kira ESC, sai a ɗauki mai amfa 40, don wadda aka saya daidai wa daida a zafin Afrilu take ƙonewa. Farfela ma kada a canza ta da ka. Ƙarin inci ɗaya a tsawonta yana ƙara wutar da inji ke ja sosai, shi ya sa ake bin girman da masu injin suka rubuta.

Batir, inda kuɗi da haɗari suka haɗu

Batirin litiyom irin LiPo shi ne zuciyar jirgin, shi ne kuma abin da ya fi saurin lalacewa a ƙasa mai zafi. Kowane ɗaki nasa yana cika a bolt 4.2. Idan aka zuƙe shi ƙasa da bolt 3.3 ya fara mutuwa, idan aka ajiye shi cike na kwanaki cikin ɗaki mai rufin kwano sai ya kumbura kamar burodi. Ajiyar da ta dace ita ce kusan bolt 3.8 ga kowane ɗaki, a inuwa. Batir mai 5000 mAh, in aka bar kashi 20 cikin ɗari don kare lafiyarsa, kuma jirgi na jan amfa 8 a tafiyar hankali, zai ba da minti 30. Mai sayarwa da ya yi alƙawarin awa biyu da irin wannan batir, ciniki yake nema.

Wutar LiPo ba irin ta batirin tocila ba ce. Wanda ya huje ko ya kumbura yana iya kamawa da kansa, ya yi ta feshin wuta da hayaƙi mai guba. A garin da ake da dangar kara, rumbun hatsi da rudun albasa a kusan kowane gida, batir guda na iya cinye amfanin shekara, na mai shi da na maƙwabta. Ana cajinsa ne da caja mai daidaita ɗakunan, a kan rairayi ko cikin tukunyar ƙasa, nesa da katifa da man babur, kuma mutum na zaune kusa har ya cika. Yawancin waɗannan cajoji suna aiki da bolt 12, don haka batirin sola ko na mota ya wadatar inda lantarki ba ya tsayawa.

Samunsa ma aiki ne. Kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a zuba irin wannan batir cikin akwatin da ke shiga ƙasan jirgi, sai a jakar hannu, kuma wanda ya haura awa-wat 100 sai da izininsu. Mai ɗaki huɗu da 5000 mAh awa-wat 74 ne, yana wucewa. Wanda zai ba ɗan'uwa saƙo daga waje ya riƙe wannan lissafi.

Rimot mai aiki a 2.4 GHz da tasha shida ya isa, irin na FlySky ko RadioMaster. Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne a saita abin da jirgi zai yi in sadarwa ta yanke: ko inji ya mutu ya sauko, ko, in an sa masa ƙaramar kwamfutar tuƙi da GPS mai manhajar ArduPilot ko INAV, ya juyo inda ya tashi. Kyamara ta jira sai hannu ya faɗa. Kafin nan akwai manhajojin koyon tuƙi da ake haɗa rimot da kwamfuta, inda faɗuwa ɗari ba ta cin ko dala.

Ranar tashin farko

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kaɗawa daga arewa maso gabas, tana ƙara ƙarfi da hantsi, ƙurarta kuma na ɓoye farin jirgi tun bai yi nisa ba. Jan kaset a ƙarƙashin fiffike ɗaya yana taimaka wa ido gane inda ya dosa. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, iska ta yi sako-sako, jirgi na buƙatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga, ga guguwar tsakar rana. Da damina hadarin gabas na tasowa da iska mai ƙarfi kafin ruwa, ga gero ya rufe filaye. Lokacin da ya fi dacewa kusan duk shekara shi ne daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9, a fako mai nisa da hanyar RN1, da wayoyin lantarki, da garaken albasa inda mutane ke aiki.

Kafin a jefa shi, ana ɗora jirgin kan yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukai, kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gabansa, ko daidai inda masu ƙera shi suka yi alama. Ya kamata ya tsaya daidai ko hancinsa ya ɗan sunkuya. In jela ce ta rinjaya, a matsar da batir gaba a sake gwadawa, don jirgi mai nauyin jela ba ya jin rimot. Sannan a motsa kowane sanda a ga fiffike da jela sun juya ta inda ya dace, a sa wani ya riƙe yara a bayan mai tuƙi, a fuskanci iska, a jefa shi a miƙe ba sama ba.