Abin da ke faruwa idan injin jirgin yaƙi ya mutu a sama

Ranar 8 ga Yunin 1989, a bikin baje kolin jiragen sama na Le Bourget da ke kusa da birnin Paris na Faransa, matuƙin Tarayyar Sobiyet Anatoly Kvochur yana tafe ƙasa-ƙasa, a hankali, da jirginsa ƙirar MiG-29 sai injin dama ya zuƙe tsuntsu ya mutu. Na hagu kuwa yana aiki da ƙarfinsa, don haka jirgin ya karkace, ya kifo da kai. Kvochur ya kawar da shi daga taron 'yan kallo, sannan ya harba kansa waje saura kimanin daƙiƙa biyu jirgin ya daki ƙasa. Laimarsa ta buɗe da ƙyar, amma ya tashi da ƙananan raunuka.

Jama'a kan ce matuƙi “ya yi tsalle”, alhali ba tsalle ba ne. Gudun jirgin da ƙarfin iska ba za su bar mutum ya fita da kansa ba. Yana jan wani mariƙi da ke tsakanin ƙafafunsa ne, rufin gilashi ya tashi ko ya fashe, harsashi ya cilla kujerar sama, roka ta ƙara nesanta ta da jirgin. Daga nan kujerar ta rabu da shi, laima ta buɗe. Nauyin da ke danna jikinsa a lokacin ya kan haura ninki 12 na nauyinsa, shi ya sa da yawa ke fitowa da rauni a ƙashin baya.

Mutuwar inji ba ta nufin a fice nan take. Idan jirgi yana can sama, matuƙi na da sararin sake tayar da injin ko lallaɓawa zuwa filin sauka. Haɗarin ya fi tsanani wajen tashi da sauka, inda babu tazara. Yawan inji ma na da tasiri: Alpha Jet na Rundunar Sojin Saman Najeriya inji biyu gare shi, F-7 da JF-17 kuwa ɗaya tal, wanda in ya ƙi tashi kuma babu filin sauka kusa, kujerar ce ta rage.

Masu ganin laifin matuƙin da ya bar jirgi mai tsada sun manta cewa ana iya sayo wani, amma horar da wanda zai tuƙa shi aikin shekaru ne, kuma bayaninsa na cikin abin da masu bincike ke dogara da shi wajen gano musabbabin haɗarin.