Gurasa da Bandashe a Birnin Kano

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano ya san ƙamshin tanderu. Tun da asuba matan Jakara da Chediyar 'Yangurasa suke hura wutar kara, kwaɓi ya riga ya tashi, sai a ɗebo a faɗaɗa da tafi a manna a jikin tanderu. Hannun mai gashi yana shiga zafi yana fita ba ɗar, domin sana'ar gado ce, daga kaka zuwa jika. Gurasar kirki da bayanta ake gane ta: wuta ta ɗan lasa ta bar ɗigon baƙi, cikin kuwa laushi lumus.

Dattawa sun yi saɓani kan asalinta. Mafi yawa suna jingina ta ga Larabawan Tarabulus da Gadamus, fataken da suka keto Sahara suka zauna a Dandalin Turawa, kusa da kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa. Girke-girken alkama irin su alkubus ma ana danganta su da waɗannan gidaje. Wasu kuma sun ce alhazan da suka bi ta Sudan a ƙasa ne suka dawo da ita, tunda har yau mutanen arewacin Sudan suna cin tasu gurasar. Ko ta wace hanya ta shigo, a da cimar masu hali ce, don ba kowane gida ke iya sayen alkama ba.

Bandashe kuwa hikimar Kanawa ce. Mai gurasa zai buɗe kwandonsa, ya tsoma ta a ruwa ta yi taushi, ya barbaɗe ta da garin ƙuli mai yaji, ya zagaya da man gyaɗa, ya watsa albasa. Kana tsaye kana cewa, "Malam, a ƙara ƙuli," shi kuma yana murmushi yana ƙarawa. Haka ɗan dako da ɗalibi suke samun abin da zai riƙe su zuwa la'asar. Mai ɗan ƙarfi ya naɗe tsire ko balangu a ciki. Da azumi kuwa, da wuya ka ga faifan buɗa-baki babu ita.

Yau abubuwa sun sauya. Fulawar kamfani ta kori alkamar gida, kabeji da kokwamba sun cika faranti, wasu ma a kasko suke gasawa a kan gas, ɗanɗanon hayaƙi ya tafi. A farkon 2024 tsadar fulawa ta sa mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano, abin da ya taɓa zuciyar duk mai kishin garin. Matan nan da tanderunsu suke ciyar da marayu, suke aurar da 'ya'ya. Ƙasar da take noma alkama a Kadawa bai kamata ta bari tsadar gari ta kashe musu sana'a ba.