Gidan Gado: Kafin a Sa Diga

Duk wanda ya ratsa lungunan cikin birnin Kano a watan Agusta, ko na Zariya da Katsina da unguwar Birni ta Damagaram, ya san abin da zai gani: katanga ta zube cikin dare, azara a waje, an baza tabarmi da katifu a rana. Da an tambaya sai a ce ruwa ne. Ruwa yana da nasa laifin, amma wasu daga cikin waɗannan katangu sun ga damina fiye da ɗari suna tsaye. Abin da ya sauya shi ne hannun da ke kula da su. A da, kafin faɗuwar ruwan farko, mai gida yakan kira magini a hau soro a duba, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sake yaɓe. Yau mai gidan ya rasu, magada sun watsu, wasu na Abuja, wasu na Ikko, wanda ya rage a ciki kuwa shi ne mafi ƙarancin hali. Gidan na kowa ne, saboda haka babu wanda yake jin nauyinsa a wuyansa.

Ranar da Allah ya buɗa wa ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, da kyakkyawar niyya yake zuwa. Yana so ya fitar da iyaye kunya. Amma galibi ɗayan biyu yake yi: ko ya rushe ya zuba bulo da kwano, ko ya shafe tsohon bango da siminti ya buga fenti. Na biyun ya fi kama da tausayi, kuma shi ne ya fi yawan kashe gidaje a ɓoye. Katangar ƙasa tana shan laima, da rana ta fito sai ta fitar da ita ta bushe. In aka lulluɓe ta da siminti, zafi da sanyi sukan tsaga shi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita. Daga waje bango sumul, daga ciki ƙasa ta jiƙe ta saki, gara ta samu masauki. Ka ƙwanƙwasa irin wannan bango da yatsa, za ka ji yana amsawa kamar ganga, alamar simintin ya rabu da ƙasar. Ga kuma wata matsalar da ba a cika lura da ita ba: ana ta ciko a lunguna ana ɗaga kwalbati, har daɓen tsofaffin gidaje ya koma ƙasa da hanya, ruwan da ya kamata ya fita sai ya kwanta a gindin katanga.

Magina na gargajiya sun san maganin wannan tun kafin a haifi siminti. Ana kwaɓa birji da ciyawa a tattake, a bar shi ya kwana ya tsumu, a mulmula tubali da hannu, gindi faffaɗa kai a tsuke, a shanya. Katangar takan fara da kauri a ƙasa tana sirancewa zuwa sama. Rufi da azarar giginya ake yi, domin gara ba ta cika cinta ba, kuma da yake azara ba ta jure nauyi in tazara ta kai wajen mita biyu, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo, wanda ya ba su damar rufe babban soro babu ginshiƙi a tsakiya. Kariyar ruwa kuwa tana wurin makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Wato rufin gida ɗaya yana ɗauke da aikin marini da majemi da magini. Shi ya sa raguwar marina a garuruwanmu ta taɓa har soraye.

Wannan sana'a ba ta ƙauyanci ba ce, kamar yadda wasu masu kuɗinmu suke ɗauka. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, har yau kuma masana gine-gine suna nazarin bakan gizonsa. Gidan Makama na Kano, wanda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), yana tsaye ne don ana kula da shi. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya gina ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986, a 2013 kuma UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Ba ina cewa iyali su zauna babu famfo babu lantarki don a burge baƙi ba. A yi banɗaki na zamani, a ja bututu nesa da tsohon bango, in ana bukatar ƙarin ɗakuna a gina su da bulo a bayan gida. Amma zaure da shigifa da babban soro, a nemo maginin da ya gaji aikin, ya gyara su da abin da aka gina su da shi.

Dalilin da ya sa na dage a kan zaure ba kyan gani kaɗai ba ne. Tsarin gidan Bahaushe shi ne littafin tarihin gidan. Girman zaure yana faɗa maka sana'ar mai shi: na malami da baƙin hayaƙin fitila a bango da wurin jingina alluna, na fatake da faɗin da zai ɗauki kaya da baƙi. Kowane sashe da aka yanka a cikin gida aure ne aka yi. Kowace ƙofa da aka toshe, akwai rabon gado ko saɓani a bayanta. A wani lungu aka binne cibiyar 'ya'yan gidan, a wasu gidajen malamai ma kabarin kaka yana ciki. Da katafila ta bi ta kai, babu sauran abin da zai sa yaro ya tambaya, kuma labarin da ba a tambaya ba mutuwa yake yi tare da mai shi.

Saboda haka aikin farko na mai son gyara gidan gado zama ne da tsofaffi, musamman mata. Maza sukan riƙe salsala ta wajen uba da sarauta da sunayen malamai. Gwaggo da inna da kaka su ne suka san wa ya auri wa, wa aka yaye a hannun wa, wace shekara aka yi yunwa aka sayar da gona, daga wane gari aka kawo amaryar da ta haifi rabin gidan. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ba komai ba ne face hirar da ta yi da wata tsohuwa Bahaushiya mai suna Baba a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ga shi har yanzu ana karanta shi a jami'o'in duniya. Irin Baba suna nan a gidajenmu, kuma kowa yana da wayar da za ta ɗauki murya. A kama hannun tsohuwa a zaga da ita ɗaki ɗaki, a ce: "Gwaggo, wa ya fara zama nan?" Wurin da kansa zai tuno mata abin da tambaya a zaune ba za ta tono ba. In labarin ya kai kan abin da ba a son ji, kamar bauta ko ƙwarƙwara ko bashin da ya ci gona, a rubuta shi yadda yake. Zuriyar Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda kakanninsu suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, sau da yawa za su iske reshen danginsu a zangunan Gana ta irin wannan hira.

Sai takardu. Kusan kowane tsohon gida yana da adaka ko gafaka da aka jefa a kan rufin ɗaki ko ƙarƙashin gado. Ciki akwai littattafan Larabci da ajami, wasiƙu, takardar sayen gona, rasidin haraji, hotuna. A ɗaga warƙa ɗaya a hasken rana: in an ga jinjirin wata uku a jikin takardar, to irin wadda ake yi a Italiya ce, fatake suka ƙetaro Sahara da ita. A duba ƙarshen littafi, inda mai kwafi yakan rubuta sunansa da na mahaifinsa, a duba gefen shafi, inda wani lokaci ake samun ranar haihuwa ko rasuwa. Tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, ɗigon ruwa ɗaya yana wanke layi. Kada a manna wa takardun salatif, kada a kai su a rufe da leda mai zafi, kada a hargitsa jerin warƙoƙin tunda ba ɗinke suke ba. A ɗauki hoton kowane shafi a jere, a raba wa 'yan uwa, asalin kuma a naɗe shi a ajiye inda babu laima. Wanda ya rasa mai karanta masa, Gidan Arewa na Kaduna da sassan tarihi da Larabci na jami'o'inmu aikinsu ke nan.

Abin da ya fi wuya shi ne maganar gado. Shari'a ta ba kowane magaji haƙƙinsa, kuma ba daidai ba ne a ce wa marainiya ko bazawara ta haƙura da rabonta don a adana tarihi. Mai hali a cikin dangi ya sa a yi wa gidan ƙima a gaban alƙali ko malamin da kowa ya yarda da shi, ya biya masu bukata kasonsu. Abin da ya rage, magada za su iya amincewa su mayar da shi wakafi na zuriya, a rubuce da shaidu, a ambaci wanda zai kula da shi da inda kuɗin yaɓen kowace shekara zai fito. Shago ɗaya a jikin katangar waje, in an ba da shi haya, yakan taimaka wajen biyan magini kafin damina.