Tsakanin Zaɓen Allah da Bangaskiyar Bawa: Tsohuwar Gardamar Kirista

Duk wanda ya taɓa ɗaukar Risala a zaurukan karatu na Tambuwal ko Kebbe ya san tun a babin aƙida ake cin karo da maganar ƙaddara, wataƙila malam ya taɓo masa labarin Jabariyya da Ƙadariyya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne maƙwabtanmu Kirista ma suna da tasu gardamar, wadda ta haura shekara 1,600 ba ta mutu ba. Tambayar gajeruwa ce: wanda ya sami ceto, zaɓensa aka yi tun fil'azal shi ya sa ya ba da gaskiya, ko kuwa don an san zai ba da gaskiya ne aka zaɓe shi?

Kowane ɓangare da hujjarsa a Littafi Mai Tsarki. Masu fifita zaɓe sukan buɗe Romawa sura ta 9, inda Manzo Bulus ya nuna an gabatar da Yakubu a kan Isuwa tun suna ciki. Ɗaya ɓangaren kuma su kawo Yohanna 3:16 da 1 Timoti 2:4, masu nuna ƙofa a buɗe take ga kowa.

A Afirka wutar ta fara ci. Agustin, bishof na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya koyar cewa zunubin Adamu ya gurgunta zuriyarsa har ba sa iya juyowa ga Allah da ƙarfin kansu, ita kanta bangaskiyar kyauta ce. Felajiyus, wani mai gudun duniya daga Birtaniya, ya ga wannan zai ba malalata mafaka. Taron Kartej na shekarar 418 ya yi watsi da ra'ayin Felajiyus. A nan fa kamanni da muhawarar Musulmi ya tsaya, domin Musulunci bai yarda ana gadon zunubi ba, alhali a kan wannan tushe Agustin ya ɗora gininsa.

Bayan shekara dubu da ɗoriya, Jon Kalbin ya ƙara wa koyarwar Agustin kaifi a Jiniba. Wani malamin jami'ar Laidin ta ƙasar Holan, Arminiyus, ya ja da ita, almajiransa suka rubuta ƙorafi a 1610, babban taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya ba su rashin gaskiya. Sai dai Arminiyus bai koma ga Felajiyus ba. Ya yarda alherin Allah ne ke fara zuwa, cewa kawai ya yi mutum yana iya ƙin sa.

A kwatanta da wanda ya faɗa rijiya. A wurin Kalbin, ya riga ya mace a ƙasa, sai an sauka an ɗauko shi an raya shi. A wurin Arminiyus, an farfaɗo da shi an zura masa igiya, saura ya kama. 'Yan Kalbin su ce to wanda ya kama ai ya sami abin taƙama a kan wanda ya ƙi. 'Yan Arminiyus su ce wanda ke da ikon fito da kowa amma ya bar wasu a ciki, ina jinƙansa? A ganina kowannensu abin da yake tsoro ne ke jan akalarsa: wancan kada a rage wa Allah iko, wannan kada a jingina masa zalunci. Ban ga wanda tsoronsa ba ya kan hanya ba.

Ra'ayoyin nan biyu duk sun iso Najeriya. Cocin Metodis, magajin Jon Wesli mai bin Arminiyus, ya sauka Badagiri a 1842. Cocin NKST na Tibi kuwa ya fito daga mishan na 'yan Kalbin da suka zo daga Afirka ta Kudu a 1911.

Katolika ma ba su tsira daga gardamar ba. Littafin da Molina ɗan ƙungiyar Jesuwit ya fitar a 1588 ya haɗa 'yan ƙungiyarsa faɗa da 'yan Dominikan, masu ƙarfafa ikon alheri, aka shafe kusan shekara goma ana zaman sauraro a Roma. A 1607 Paparoma Bulus na Biyar ya sallami kowa ba tare da hukunci ba, ya dai hana su kiran juna 'yan bidi'a. 'Yan Dominikan ɗin nan, reshensu na Amurka, su aka danƙa wa yankin Sakkwato a 1953, ɗaya daga cikinsu, Edward Lawton, ya zama bishof na farko na Sakkwato a 1964.